Mai Ƙaho a Kabad ɗin Yaya

A gidan nan akwai doka guda wadda ba a taɓa rubuta ta ba, ba a kuma taɓa karya ta ba: duk abin da aka shigo da shi, in dai yana da fitila ko makunni, ɗakin babba ne mazauninsa. Rediyon farko a ɗakin marigayi mahaifinsu ya zauna. Talabijin ta farko ma haka, har da wayar tarho mai igiya, wadda ta shekara goma sha ɗaya a gefen gadonsa tana ƙara, babu mai ikon ɗauka in ba ya nan. Da tsohon ya rasu, ɗakin ya koma hannun babban ɗansa, wanda kowa ke kira Yaya, har maƙwabtan da suka girme shi. Dokar ta bi ɗakin.

Yaya tsohon ma'ajin kaya ne a wata masana'anta. Shekara talatin ya yi yana kulle ƙofofi, kuma ritaya ba ta raba shi da halin ba. In zai fita, ko da bakin titi ne, sai ya bi kowane soket na ɗakinsa ya kashe, ya rufe taga, ya danna kwaɗo, ya ja shi sau biyu don ya tabbatar. Matarsa ta shekara talatin da biyu a gidan ba ta taɓa riƙe makullin ba. In za ta share ɗakin, yana tsaye a kanta.

Ƙanwarsa ita ce Auta. Shekarunta arba'in da uku, mijinta ya rasu, tana da 'ya'ya biyu a makarantar kwana, amma a bakin Yaya har yanzu "yarinyar nan" ce. Da ta dawo gida aka ba ta ɗakin da ke can ƙarshen baranda, kusa da igiyar shanya. Ba ta zauna jiran kowa ba. Ta samu aiki a wani kamfanin kai kaya, aikin amsa kiran abokan ciniki daga gida: kamfani ya ba ta kwamfuta da abin sawa a kunne, ita kuma ta samar da intanet. Daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma tana sauraron mutanen da kayansu suka ɓace a hanya, tana ba su haƙuri da sanyin murya. Wannan aikin ne ya hana ta tsayawa a ƙofar Yaya tana murza hannu duk lokacin da yara za su koma makaranta, kuma ta san darajar hakan sarai.

Unguwar a kwari take, sabis ɗin waya sai an hau katanga. Saboda haka ta kira masu haɗa intanet. Suka kafa faranti a kan rufi yana kallon dogon ƙarfen sadarwa da ke kan tudu, suka sauko da waya, suka kawo ƙaramar na'ura fara mai ƙahoni biyu da fitilu huɗu, wadda za ta watsa waifai, wato intanet marar waya, cikin gida. Goggo, ƙanwar mahaifinsu, tsohuwa mai shekara tamanin wadda ƙafa ta gaza amma harshe bai gaza ba, ta dube ta sau ɗaya ta raɗa mata suna Mai Ƙaho. Ranar haɗawar Auta tana ofishin kamfani wurin horo. Ma'aikatan suka nemi mai gida, aka nuna musu Yaya. Suka tambayi inda za a ajiye na'urar, ya dube su kamar sun tambaye shi ina ne gabas. Da Auta ta dawo da yamma ta tarar an huda bangon ɗakinsa, an zura waya, Mai Ƙaho tana cikin kabad ɗin ƙarfe tare da takardun gida, har an shimfiɗa mata ƙyalle.

"Yaya, ai ba nan ne wurinta ba," in ji ta.

"Ina ne wurinta? Tsakar gida, yara su yi ƙwallo da ita?"

"Ni na saya, Yaya. Don aikina."

"Na ce ba ke kika saya ba? Kin saya, Allah ya sa albarka. Ajiya kuwa aikina ne. Shekara talatin ko ƙusa ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Ki je masana'anta ki tambaya."

Waifai bai kai ɗakinta ba. Bayan kwana biyu ana jan magana, Yaya ya yarda a bar ƙofar kabad a buɗe, ita kuma ta jawo teburin guga zuwa baranda, daidai ƙofarsa, ta ɗora kwamfuta, ta zauna kan kujera 'yar tsugunne da aka ɗora wa matashi biyu. Nan ne ofishinta. Gidan yana da wutar rana, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta cikin masifun wannan labari.

Kamfanin yana da ƙa'ida, kuma an karanta wa Auta ita tun ranar farko. In layi ya yanke ana tsakiyar aiki, ko ma'aikaci ya makara shiga da fiye da minti goma, an rubuta masa laifi ɗaya. In ya tara uku cikin wata uku, an sallame shi. Ba mutum ke ƙirgawa ba, kwamfuta ce, ita kuwa ba ta da babban wa, balle ta fahimci uzuri.

Laifin farko ya zo a mako na biyu. Yaya ya tafi aski da ƙarfe goma sha ɗaya, ya kashe soket ɗinsa kamar kullum, ya danna kwaɗo, ya wuce ta gefenta yana ɗaga mata hannu. Na biyu ya zo bayan wata guda. Ya ga kyankyaso a ƙasan gado, ya tuna da takardun gida, ya rufe ƙofar kabad ruf. Muryar matar da Auta ke ba haƙuri ta karkatse, ta shaƙe, ta ɓace. Da yammar ranar shugabar sashensu ta kira ta.

"Aikinki yana da kyau, ba wanda ya taɓa kawo ƙararki," in ji shugabar. "Amma saura ɗaya. In ya cika ba ni da abin yi, saƙon sallama da kansa yake fita."

"In na koma gidan ƙawata fa, in riƙa yi daga can?"

"Layin gidanki aka yi wa rajista. Canji yana cin mako uku, kuma sai an zo an duba wurin. Ki gyara na gidan, ya fi sauƙi."

Auta ba ta gaya mata cewa ba na'urar ce ke buƙatar gyara ba. Ta kira Injiniya.

Injiniya dattijo ne mai furfura a gemu, wanda ya shiga gidaje da yawa har ya daina mamakin abin da mutane ke yi wa kayan aiki. Ya gaida Yaya a ladabce, ya leƙa kabad. Sannan ya fitar da wayarsa ya zaga gidan a hankali yana kallon fuskarta, daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa igiyar shanya, Goggo tana bin sa da ido daga kan tabarmarta.

"Ruwa yake nema ko ma'adinai?" in ji ta.

Da ya gama ya dawo gaban Yaya. "Baba, na'urar lafiyarta ƙalau. Wurin ne bai dace ba. Abin da take watsawa ba ya ratsa ƙarfe, bango ma da ƙyar. Kun sa ta a kusurwar gida, a ƙasa, a cikin kabad. Rabin ƙarfinta maƙwabcinku na baya take kai wa. Tana son tsakiyar gida, kuma a sama."

"Ina ne tsakiyar?"

Injiniya ya taka zuwa tsakiyar baranda ya ɗora hannu a bango, tsakanin ƙofar kicin da ƙofar bayi, sama da inda ake jingina tsintsiya.

Yaya ya cire tabarau. "Malam, sunan wa ke kan takardar haɗa wannan abu?"

"Naka ne, Baba, tunda kai ne mai gida."

"To sunana kake so ka rataye a ƙofar bayi?"

"Ba suna zan rataye ba, Baba. Na'ura ce."

"A gidan nan ba a taɓa yin haka ba. Rediyon mahaifina bai kwana a baranda ba."

"Rediyo karɓa yake yi, Baba. Wannan bayarwa take yi."

"To ta bayar daga inda take."

Injiniya ya kawo shawara ta biyu: a jawo waya daga kabad zuwa ɗakin Auta. Yaya ya ce bangon mahaifinsa ya sha huda ɗaya, ya isa. Ta uku: a kafa mata farantinta dabam. Yaya ya ce rufin ba kanti ba ne. Ta huɗu: a yi wa na'urar soket nata marar makunni. A nan Yaya ya miƙe tsaye.

"Wuta tana ci a ɗakina ba na nan? Ka taɓa ganin gobara, Malam? Ni na gani. Sito guda ya tashi saboda wani sakarai ya bar tukunyar shayi a kunne."

"Yaya," in ji Auta, "saura laifi ɗaya a kore ni. Ɗaya. Ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji. Wa ya ce za a kore ki? Ke dai kin cika gaggawa tun kina ƙarama. Daga yau ba zan kashe ba, ba zan rufe kabad ba. Magana ta ƙare. Ko rantsuwa kike so in yi miki a gaban baƙo?"

Injiniya ya ciro jan salatif daga jakarsa ya manna a kan makunnin, gicciye biyu. Da zai fita ya tsaya kusa da Auta ya rage murya. "Malama, na gyara abin da ke gyaruwa."

Salatif ɗin ya yi kwana takwas. A na tara Yaya ya ɓare shi, ya ce yana ɓata fenti, kuma shi ba yaro ba ne da za a manna masa abin tuni.

Ranar Talata ta mako na gaba, ƙarfe goma saura minti ashirin, Auta ta fito da kwamfuta ta ɗora kan teburin guga. Ta buɗe. Inda alamar waifai ta saba tsayawa babu komai. Ta ɗaga kai. Kwaɗo yana rataye a ƙofar Yaya.

"Anti!" Haka take kiran matar Yaya. "Anti, ina Yaya?"

Matar ta fito daga kicin tana goge hannu. "Ya kai mota wurin makaniki tun ƙarfe tara. Me ya faru?" Ta dubi kwaɗon, ta dubi kwamfutar, ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Ya kashe?"

Auta ta fita ƙofar gida, ta taka dutsen da ke jikin katanga inda sabis ke kamawa, ta kira shi. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ta sake kira. Sau shida ta kira. Ya kamata a bayyana cewa Yaya ba ya amsa kiran ƙanana in yana cikin mutane. Yakan duba, ya ga sunan, ya mayar da wayar aljihu, ya kira su da kansa in ya natsu. Garejin makanikin kuwa tafiyar rabin sa'a ce, in hanya ta yi kyau.

Ta dawo ciki ƙarfe goma saura minti huɗu. Ta wuce ɗakin tarkace ta fito da guduma.

Matar Yaya ta sha gabanta. "Auta, don Allah, don darajar iyayenki. Ƙofar Yaya ce fa."

"Na san ta wa ce, Anti. Matsa."

"Ki kira kamfanin ki ce ba ki da lafiya."

"Sai an faɗa tun jiya. Matsa, na ce."

"Ni zai huce a kaina. Zai ce ina tsaye aka yi."

"To ki zauna."

Goggo ta yi gyaran murya daga kan tabarma. "Ke, bar ta. Ni dai ban ga komai ba, idona ya daɗe da mutuwa. Amma in da mai ji, ba kwaɗon ake duka ba, ƙarfen da ke riƙe da shi ake duka. Katakon ya tsufa tun ina budurwa."

Duka huɗu ta yi. A na huɗu ƙarfen ya fita da guntun katako kamar tafin hannu, kwaɗon yana maƙale a jikinsa, a kulle, ba abin da ya same shi. Ta shiga, ta danna makunni. Ƙarfe goma da minti uku. Mai Ƙaho ba ta san gaggawa ba: fitila ta farko ta kama, ta biyu ta yi ta ƙiftawa kamar mai tunani, ta uku ta biyo. Auta tana tsaye a kanta da guduma a hannu, ta manta ba ta ajiye ba. Da ta huɗu ta kama, ta ruga ta ɗauko kwamfuta. Dalilin da ya sa ta shigo da ita ɗakin ta zauna a kujerar Yaya mai hannu, maimakon ta koma teburin guga, ita kanta ba ta iya bayyanawa ba daga baya. Ta shiga aiki ƙarfe goma da minti tara. A nan, gab da na'urar, muryoyin masu kira suka riƙa zuwa tar, kamar suna zaune a gefen gado. Wata biyu da rabi tana aikin, ba ta san haka layin yake ba.

Yaya ya dawo sha ɗaya da rabi. An ji tsayuwar motar, an ji takunsa a baranda, sannan aka ji takun ya tsaya. Matarsa ta shige kicin. A lokacin Auta tana kan layi da wani tela wanda aka aiko wa da injin ɗinki, kwana goma sha biyu bai iso ba, kuma yana da abin faɗa mai yawa.

Yaya ya sunkuya ya ɗauki guntun katakon da kwaɗon. Ya juya shi a hannunsa. Ya shigo.

"Wane ne ya yi wannan?"

Auta ta ɗaga masa yatsa ɗaya, alamar ya dakata. "Na fahimce ka, yallaɓai. Ka ba ni lambar da ke kan rasit ɗinka."

"Ni kike ɗaga wa yatsa?"

"Bakwai, huɗu, huɗu. Na gode, yallaɓai. Ina dubawa." Ta danna abin toshe murya. "Yaya, ni ce. Ka kashe ka fita, na kira ka sau shida. Ka ba ni minti biyu in gama da mutumin nan, sai ka yi mini duk abin da za ka yi."

"Tashi daga kujerar nan."

"Ana naɗar kiran. In na tashi na bar shi..."

"Kujerar mahaifinmu ce. Tashi!"

Ta buɗe murya. "Yallaɓai, ka yi haƙuri da jira. Injinka yana rumbunmu na biyu, an yi kuskuren adireshi."

"Wa ke ihu a wurinku?" in ji telan. Muryarsa ta fito daga abin kunnen har Yaya ya ji. "Ofis ne ko tashar mota?"

"Ka yi haƙuri, yallaɓai, gyara ake yi a ginin."

"Gyara!" Yaya ya buga guntun katakon a kan tebur. "Ni ne gyaran? Kin fasa mini ƙofa kamar ɓarauniya, kin hau kujerata, ina magana kina ba wani ƙato haƙuri! Ni ba ni da darajar haƙurin? Shekara talatin ba a taɓa fasa ƙofar da na kulle ba. Sai yau, sai a gidan ubana, sai yarinyar da na goya!"

Ya juya wajen kabad. Matarsa ta fito daga kicin da gudu ta tsaya a bakin ƙofa. "Maigida, don Allah. Aikinta ne. Ka bari ta gama."

"Kai," in ji Goggo daga baranda, da muryar da ba ta yi amfani da ita ba tun yana ɗan makaranta. "Kar ka taɓa abin nan. Ka ji ni?"

Auta ba ta daina magana ba, amma idonta yana kansa. "Gobe kafin azahar zai iso shagonka, yallaɓai. Zan rubuta sunana a kan takardar, in bai zo ba ka neme ni."

Wataƙila da ta roƙe shi a lokacin da ya fasa. Wataƙila da matan biyu ba su sa baki ba da ya fasa, domin janyewa a gaban mutum ɗaya ta fi sauƙi a kan janyewa a gaban uku. Ba makunnin ya danna ba. Wayar ya kama ya fizge ta daga bango, har Mai Ƙaho ta faɗo daga kan ƙyallenta ta kifa.

"To in dai gobe ne..." in ji telan, sauran maganar ba ta iso ba.

Auta ta cire abin kunnen a hankali, ta naɗe igiyarsa, ta ajiye a kan kwamfuta. Ta miƙe.

"Ga kujerarka."

"Yanzu kika ga dama?"

"Ga kujerarka, Yaya. Zauna. Zauna ka huta, ka yi aiki." Muryar sanyin nan da take sayar wa kamfani ta ƙare. "Ka san abin da ka yi? Ka sani sarai, gaya maka na yi a gaban baƙo. Wata biyu da rabi ina zaune a ƙofarka kan kujera 'yar tsugunne kamar mai jiran sadaka, bayana yana ciwo, kana tsallake ƙafata kana wucewa. Abina ne, da gumina na saya, ka ɗauka ka kulle da takardun fili don kawai yana da fitila! Me kake yi da shi? Ko kunna shi ka iya? Kashewa kaɗai ka iya!"

"Ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba! Na iya shi shekara arba'in da uku, me ya saya mini? Ka ce ba abin da ya taɓa ɓata a hannunka. Aikina fa? A hannun wa ya ɓata? Ko shi ba ya cikin kayan da ake lissafawa, tunda ba ya shiga kabad?"

"Da kin jira ni..."

"Na kira ka sau shida! Ciro wayarka. Ciro ta, Anti ta gani!"

Bai ciro ba.

"So kake in zo ƙofar nan in durƙusa duk ƙarshen hutu, in ce Yaya yara za su koma, ka buɗe kabad kana tsaki, ka ba ni kana yi mini wa'azin tattali. Shi ne bai samu ba, shi ke cin ranka. To ka samu. Allah ya ba ka abin da kake nema, sai ka ji daɗinsa."

"Kin ji ta ko, Goggo? Kin ji abin da take gaya mini?"

"Na ji," in ji Goggo. "Kunnena bai mutu ba. Kai ma na ji ka."

Auta ta ɗauki wayarta ta fita ƙofar gida, ta taka dutsen jikin katanga. Saƙon ya riga ya iso yana jiran sabis. Layi uku ne. Kamfani yana gode mata bisa gudummawarta, yana sanar da ita cewa an rufe shafinta, yana roƙon ta mayar da kwamfuta da abin kunne cikin kwana uku. Ta kira shugabar sashen. Matar ta saurare ta har ƙarshe, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, ta ce sai bayan shekara guda ake sake karɓar takardar wanda aka sallama.

Ranar Alhamis Yaya ya kira taron 'yan'uwa. Ƙannensa maza biyu suka zo daga gidajensu, aka zauna a falo daga ƙarfe goma har sha biyu. An tattauna batun ƙofa: tarihinta, wanda ya sassaƙa ta, da abin da mahaifinsu zai ce da yana raye. An tattauna batun kujera. An tattauna batun ɗaga wa babba yatsa. Ɗaya daga cikin ƙannen ya yi ƙoƙarin tayar da maganar aikin, Yaya ya ce wannan tsakaninta da kamfaninta ne, ba na gida ba ne, aka wuce. Goggo ta nemi a kamo hannunta a kai ta falon, aka ce mata hawan matakalar zai wahalar da ita. An yanke cewa Auta za ta zo ta ba Yaya haƙuri a gaban waɗanda suka ji abin da ta faɗa, shi kuma, saboda girmansa, zai yafe.

Auta ba ta halarta ba. A daidai lokacin tana ofishin kamfani, wani ma'aikaci yana juya kwamfutar a ƙarƙashin fitila yana neman tabo. Bai samu ba. Ya sa mata hannu a takarda, ya ce Allah ya kawo wani.

Da ta dawo, matar Yaya ta same ta a ɗaki ta isar mata da hukuncin, tana magana tana kallon ƙasa.

"Ki ce musu na ji," in ji Auta.

"Yaushe za ki je? Yana falo yanzu, shi kaɗai ne. Kalma biyu ce, Auta. Ki faɗa kawai a wuce wurin."

"Ki ce musu na ji, Anti."

Ba ta je ba. Washegari ta fita tun ƙarfe bakwai da takardunta a jaka, tana bin ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk inda aka ce mata akwai aikin da ake yi daga gida sai ta yi godiya ta miƙe. Har yanzu ba ta samu ba. Da hutun yara ya ƙare ta sayar da 'yan kunnenta, ba ta taka ƙofarsa ba. A gida ɗaya suke, ita da Yaya, baranda ɗaya suke bi. Wata huɗu ke nan in sun haɗu ba ta gaishe shi. Shi kuma yakan rage tafiya kaɗan, ya yi gyaran murya, ya jira, domin a gidan nan babba ba ya fara gaisuwa.